Gigin Tsufa da Abin da Ke Cikin Akushi: Nasiha ga Mutanen Turba, Isa da Sabon Birni

Gigin tsufa shi ne sunan da Bahaushe ya ba halin da tsoho kan shiga idan hankalinsa ya fara zubewa. Sai ya manta abin da aka faɗa masa ɗazu, ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, ya kasa tuna raka'a nawa ya yi, ya kira jikansa da sunan ƙanensa da ya rasu shekara arba'in da suka wuce. In abin ya yi nisa, yakan fita ƙofar gida ya kasa gane hanyar dawowa, ko ya zargi matar ɗansa da sace masa kuɗin da shi da kansa ya tura ƙarƙashin tabarma. A Turba, kamar sauran garuruwan ƙasar Isa da Sabon Birni, akan ce wane ya ruɗe, ko wance ta koma yarinya, a yi masa fatan cikawa da imani, a bar maganar a nan. Likitoci kuwa suna ɗaukar wannan hali a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa, suna kiransa cutar mantuwa, kuma sun bambanta shi da 'yar mantuwar da kowane mai shekaru kan yi. Dattijon da ya manta inda ya ajiye casbaharsa lafiyarsa lau. Wanda ya riƙe casbahar ya rasa abin da ake yi da ita, wannan ciwo ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma sama da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Mafi yawa, wato kashi 60 zuwa 70 cikin 100, cutar Alzheimer ce, wadda wani likita Bajamushe mai wannan suna ya fara bayyanawa a 1906. Mai bi mata ita ce wadda toshewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa, abokiyar tafiyar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. A Nijeriya, binciken da aka yi a Ibadan aka buga a 1995 ya samu ciwon a jikin fiye da mutum 2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 65, wanda aka yi a Zariya aka buga a 2011 kuma ya samu kusan 3 cikin 100. Waɗancan manyan nau'o'i biyu, Alzheimer da na toshewar hanyoyin jini, ba su da maganin da ke kawar da su. Sai dai a gefensu akwai wasu dalilai na ruɗewa da ake iya tarewa, wani lokaci ma a warkar da su sarai idan an gano da wuri, kuma ƙarancin bitamin B yana sahun gaba a cikinsu.

Bitamin B iyali ne mai 'ya'ya takwas. Jiki yana buƙatar kowannensu ɗan kaɗan, amma kullum, domin suna narkewa a ruwa, abin da ya yi saura na yawancinsu yakan fita ta fitsari. Biyar daga cikinsu ne suka fi shafar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: B1, B3, B6, B9 wanda ake kira folet, da B12.

B12 shi ne babba a wannan magana. Kowace jijiya mai kai saƙo a jiki tana da riga da ke lulluɓe da ita, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma da B12 ake gina wannan riga ana gyara ta. Da shi kuma ɓargo ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Babban mutum yana buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana, abin da ido ba zai iya gani ba, amma ba a samunsa sai a abin da ya fito daga dabba: hanta, ƙoda, nama, kifi, ƙwai da nono. Gero ba shi da shi, dawa ba ta da shi, haka masara, shinkafa, wake, gyaɗa, kuka da zogale, duk amfaninsu. Mutum zai iya cin tuwo ya ƙoshi safe da dare shekara da shekaru alhali B12 na ƙarewa a jikinsa. Abin da ke ɓoye matsalar shi ne hanta tana ajiye shi kamar rumbu, ajiyar kan kai shekara biyu zuwa biyar. Saboda haka gidan da nono da nama suka yanke masa bana ba zai ga sakamakon bana ba. Sai bayan an manta da dalilin ciwon zai bayyana, a lokacin kuwa sai a ɗora wa shekaru laifi.

Tsoho yana da wata matsala a kan ta rashin abinci. Kafin B12 ya shiga jini sai ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa ya raba shi da naman da yake manne da shi, sannan wani sinadari da bangon tumbi ke samarwa ya riƙe shi ya raka shi ƙarshen ƙaramin hanji, inda ake tsotse shi. Da yawan tsofaffi bangon tumbinsu kan sirance, tsamin ya ragu. Wasu kuma jikinsu da kansa ke lalata wancan sinadari mai rakiya, sai ya zamana ko rago suka cinye ba abin da zai shiga. Wannan nau'i na ƙarshe kisa yake yi a da, har 1926 lokacin da likitoci biyu a Amurka, George Minot da William Murphy, suka nuna cewa ciyar da majinyata hanta mai yawa kullum yana tayar da su, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. A 1948 aka tace bitamin ɗin kansa. Akwai kuma magunguna biyu da suka zama ruwan dare a hannun dattawa waɗanda ke rage tsotsar B12 idan an daɗe ana sha: metformin na ciwon suga, da omeprazole da danginsa na olsa da ƙwannafi. Na farko magani ne mai amfani da bai kamata a bari ba sai da izinin likita. Na biyu kuwa mutane da yawa suna sayensa da kansu a kyamis suna sha shekara da shekaru ba wanda ya rubuta musu.

Alamun ƙarancin B12 sukan fara daga ƙasa. Tsohuwa za ta ce ƙafafunta na yi mata minjirya, ko tana jin kamar kiyashi na tafiya a tafin ƙafarta, ko kamar a kan auduga take takawa. Takalmi yakan zare daga ƙafarta ba ta sani ba. Da rana tana tafiya daidai saboda ido na taimaka mata, amma in ta tashi alwalar asuba cikin duhu sai ta dafa bango, in ta rufe ido tana wanke fuska sai ta yi tangal-tangal. Harshe kan yi sumul ya yi ja, yaji ya gagare ta. Gaɓoɓin yatsu kan yi baƙi fiye da sauran fata, cikin ido ya yi fari, kasala ta rufe ta. A kan waɗannan ne mantuwa ke hawa, da saurin fushi, da zargin mutane, wani lokaci har da gane-gane. Ba dole ba ne alamun su taru duka. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1988 ya duba majinyata 141 da ƙarancin B12 ya taɓa musu jijiya ko hankali, aka tarar 40 daga cikinsu jininsu bai nuna komai ba a gwajin da aka saba yi. Ke nan cewa an auna jini an ce ya isa ba ta wanke mutum daga wannan ciwo.

Maganinsa allura ce mai araha, ko ƙwaya mai ƙarfi, gwargwadon abin da likita ya gani. Amma lokaci shi ne komai. Wanda aka gano ciwonsa cikin 'yan watannin farko yakan dawo hayyacinsa, ƙafafunsa su saki. Wanda aka bari shekara ɗaya ko biyu, jininsa zai gyaru amma jijiyar da ta riga ta mutu ba lalle ta farfaɗo ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Folet abokin aikin B12 ne, kuma shi Allah ya wadata ƙasar Gobir da shi: yana cikin zogale, rama, yakuwa, tafasa, alayyafo, wake, gyaɗa da hanta. Rauninsa wuta. Ganyen da aka dafa har ya yi laushi ya canza launi, aka matse, aka zubar da ruwan, an zubar da kaso mai yawa na folet ɗinsa tare da ruwan. Wanda aka shanya a rana tsaka ma yakan yi asara. Shi ya sa watannin bazara, lokacin da miya ta koma busasshiyar kuka da busasshiyar kuɓewa zalla, suka fi hatsari ga wanda ba ya samun wake.

Hanyar da masana suka fi bibiya wajen danganta waɗannan bitamin da cutar mantuwa ta bi ta kan wani sinadari ne mai suna homosistin. Jiki yana samar da shi a cikin aikinsa na yau da kullum, B12 da folet da B6 kuma su ne ke sarrafa shi su kawar. In sun yi ƙaranci sai ya taru a jini, taruwarsa kuwa tana tafiya tare da lalacewar hanyoyin jini da ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa. A garin Framingham na Amurka an bi tsofaffi 1,092 har kimanin shekara takwas, sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna waɗanda homosistin ɗinsu ya yi yawa sun kusa ninka sauran wajen kamuwa da cutar Alzheimer. A Jami'ar Oxford ta Ingila kuma an ɗauki mutum 271 masu shekara 70 zuwa sama da suka fara 'yar mantuwa, aka ba rabi folik asid, wato folet na ƙwaya, da B6 da B12 na shekara biyu, aka ba rabi ƙwayar da ba komai a cikinta. Hoton ƙwaƙwalwar 168 daga cikinsu, wanda aka bayyana a 2010, ya nuna ta masu shan bitamin tana raguwa da kashi 0.76 cikin 100 a shekara, ta sauran kuwa da kashi 1.08, kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu yawan homosistin tun farko.

A nan dole a tsaya a faɗi ɗaya ɓangaren, domin kada 'yan tallan magani su mai da wannan magana jari. A 2014 an tattara gwaje-gwaje 11 da suka ƙunshi mutum kusan 22,000, aka ga ba wa jama'a bitamin B haka kawai yana rage homosistin amma bai hana hankali raguwa ba. An gwada shi a kan waɗanda cutar Alzheimer ta riga ta kama, bai tsayar da ita ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar shan ƙwayoyin bitamin B don riga-kafin cutar mantuwa ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ma, da ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da za a iya gyarawa don rage cutar mantuwa, ya fi mai da hankali kan irin su hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da gani, da zaman kaɗaici. Abin da za a fahimta shi ne wanda tulunsa cike yake, ƙarin ruwa ba zai amfane shi ba. Akasarin mutanen da aka yi waɗancan gwaje-gwaje a kansu masu cin nama da madara ne kullum, a ƙasashen da wasunsu ma ake zuba folik asid a cikin fulawa. Tsohuwar da ke Turba ko Tozai ko Gatawa wadda ta shekara ba ta ga hanta ba sai ranar layya, ita tulunta ne ya bushe, kuma a kan mai ƙaranci na gaske babu saɓani tsakanin likitoci: a cike masa.

B3, wato nayasin, shi ne ya fi nuna a fili yadda abinci ke juya hankali. Rashinsa na kawo cutar felagra, wadda ke tafe da abu uku: fatar da rana ke bugu, wato wuya, bayan hannu da saman ƙafa, ta yi baƙi ta yi kaushi ta tsattsage kamar ƙuna, gudawa ta ƙi tsayawa, hankali ya gushe. In an bar ta kisa take yi. Cuta ce ta masu dogaro da masara zalla, domin nayasin ɗin da ke cikin masara a ɗaure yake, hanji ba ya iya kwance shi. Wani likita a Sifen, Gaspar Casal, ya lura da ita a 1735. A kudancin Amurka ta cika gidajen mahaukata da talakawa, ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, har Joseph Goldberger ya fara aikinsa a 1914 ya nuna cewa madara, nama da ƙwai na kawar da ita. Labarin da ya fi kusa da halin da ake ciki a yau shi ne na Malawi. A 1990 fiye da mutum 18,000 daga cikin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke zaune a can sun kamu da felagra, bayan da gyaɗar da ake haɗa musu da garin masara ta yanke na 'yan watanni. Gyaɗa kaɗai ce ta tsaya tsakaninsu da ciwon. Wannan ya isa ya ɗaga darajar ƙuli-ƙuli a idon kowa. Duk mai raba tallafi ga waɗanda suka baro ƙauyukansu, gwamnati ce ko ƙungiya ko attajiri mai fitar da zakka, ya sani buhun masara shi kaɗai rabin taimako ne, sai an haɗa da wake ko gyaɗa.

B1, wato tayamin, shi ajiyarsa a jiki ba ta wuce mako biyu zuwa uku. Yana zaune ne a dusar hatsi. Christiaan Eijkman ya gano haka a tsibirin Java a shekarun 1890, da ya ga kajin da ake ba farar shinkafa suna shanyewa, waɗanda ake ba mai dusa kuwa suna warkewa. Shinkafar gida da ake turarawa kafin a ɓare ta tana riƙe tayamin fiye da farar da aka goge tas, haka geron da ba a tsananta masa surfe ba. Kanwa, wadda ake jefawa a wake da miya da kunu, tana lalata shi idan ta yi yawa. Mummunan ƙarancin tayamin yana bugun ƙwaƙwalwa farat ɗaya: mutum ya rikice, idanunsa su riƙa rawa, tafiya ta gagare shi. In ba a yi masa allurar tayamin cikin gaggawa ba, yakan tashi da mantuwar da ba ta warkewa, ya tuna yarintarsa amma ya kasa riƙe abin da ya faru da safe. An fi sanin wannan ga mashaya giya, amma yana kama mace mai ciki da laulayi ya hana ta riƙe abinci makonni, da duk wanda ya daɗe cikin yunwa. Akwai hatsarin da ya kamata kowa a wannan yanki ya sani. Mutumin da ya fito daga hannun masu garkuwa bayan watanni a daji, ya rame ya ƙanjame, abin da dangi kan fara nema masa shi ne ƙarin ruwa. Ruwan suga da aka ɗura wa mai irin wannan yunwa ba tare da tayamin ba yana iya ƙone ɗan abin da ya rage masa ya jefa shi cikin wannan ciwo. Irin wannan mutum asibiti ya kamata a kai shi, a gaya wa likita tsawon lokacin da ya yi bai ci ya ƙoshi ba.

B6 bai cika ƙaranci shi kaɗai ba, sai ga masu shan isoniazid na tarin tibi, shi ya sa ake haɗa musu da shi. Yawansa fiye da kima kuma yana lalata jijiya, dalili ke nan da bai kamata a riƙa haɗiyar ƙwayoyi barkatai ba.

Abincin gargajiyar wannan ƙasa, in an duba, ya riga ya tanadi yawancin abin da ake buƙata. Fura da nono haɗi ne mai hikima: gero ya kawo B1 da B3, nono ya kawo B12, kuma kofi ɗaya na madarar shanu yana ba da kusan rabin abin da babban mutum ke buƙata a rana. Gulbin Bunsuru da Gagare, da Rima da suke haɗuwa su zama, suna ba da kifi. Damina na kawo ƙwan zabi. Fadama na ba da ganye har cikin rani. Tsohon da ya rasa haƙora bai rasa komai ba muddin ƙwaryar furarsa na zuwa da nono na gaske. Wannan tsari ne rashin tsaro ya wargaza. An kore shanu, rugage sun tashi, gonakin nesa sun gagara, kuma tun daga 2019 dubban mutane daga ƙasar Sabon Birni da Isa suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka taru a manyan garuruwa a gidajen dangi. A Satumbar 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan biyu. Nonon da ake samu ya yi tsada, wani kuma an tsinka shi da ruwa an kaurara shi da garin kuka, fari a ido amma ba ƙarfi. Dokar Nijeriya da ta wajabta ƙara bitamin a fulawa da garin masara na kamfani ba ta kai ga mai kai hatsinsa injin niƙa na unguwa. A Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, da ke kusa da Isa ta ɓangaren Zamfara, ta samu kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Shirye-shiryen tamowa yara da masu ciki suke bi, kuma haka ya dace. Amma gidan da yaro ya rame, kakarsa ta riga shi ramewa, domin ita ce ke tura masa nata rabon.

Wannan ɗabi'a ta tsofaffi ita ce ya kamata masu gida su sa wa ido. An kawo wa Inna tuwo da tsoka ɗaya a kai. Jikoki uku sun zagaye ta. Za ta yayyaga tsokar ta miƙa musu, ta ce ita haƙoranta ba sa iyawa, ta ci gayan tuwon da ɗan romo ta sha ruwa ta yi hamdala. Wanda ya aiko da abincin yana can zaure yana ganin ya sauke nauyi. Haka za a yi wata da watanni. Gyaran ba shi da wuya: a daka mata naman ko a dafa hanta ta yi laushi a murmushe a cikin miyarta, a ba ta lokacin da yara ba sa kusa, wani babba ya zauna har ta cinye. Hanta ɗan yanki sau ɗaya a mako ta wadatar da mai lafiyayyen tumbi. Dafaffen ƙwai, garin busasshen kifi a miya, ludayin kindirmo a koko, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli wanda ba a dafa ganyen ya mutu ba, wake da 'yar kanwa kaɗan, duk suna cikin abin da talaka kan iya kaiwa gare shi jefi-jefi. Mai kaji da zabi ya rage wa iyayensa ƙwai biyu kafin ya kai saura kasuwa. Ranar layya kuma, hantar da ake fara gasawa, tsofaffin gida da na maƙwabta su ne suka fi kowa cancantar ta.

Masu kyamis da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna da nasu kason. Abin da aka saba shi ne duk wanda ya zo da kasala a haɗa masa maganin ƙarin jini da folik asid da 'yan ƙwayoyin bitamin B masu ruwan ɗorawa. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyi ba su da B12 ko kaɗan, ko kuma ɗan abin da ke ciki bai isa mai ciwo ba. Folik asid kuma yana iya gyara jinin mai ƙarancin B12, ido ya yi ja, kowa ya ce an samu sauƙi, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa a ɓoye. Ga mace mai ciki folik asid wajibi ne, yana kare jariri daga naƙasar laka da ƙwaƙwalwa. Ga tsoho mai minjirya da mantuwa kuwa, ba shi folik asid shi kaɗai ganganci ne. Mai kyamis da ya ga irin wannan ya tura shi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. Gwajin B12 a jini a manyan asibitoci aka fi samunsa, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ga wanda ruɗewarsa ta yi tsanani. Inda hanya ko kuɗi suka hana gwaji, likita na iya duba alamu ya fara allurar, domin hatsarinta kaɗan ne idan aka kwatanta da hatsarin jira. Mai ciwon suga da ya shekara huɗu ko biyar yana shan metformin ya tambayi likitansa game da B12 ko da bai ji komai ba.

Saura magana mafi nauyi, wadda ta rataya a wuyan malamai, limamai da masu unguwanni. Tsohuwar da ta fita tsakar dare tana sambatu, aka tsince ta a bayan gidan wani ba ɗankwali, ba ta san sunanta ba, a wurare da dama ba a kawo ciwo a rai. Akan ce mayya ce asirinta ya tonu, ko iska ce, ko sammu. In an tsare ta da tambaya za ta amsa duk abin da aka ɗora mata, domin ƙwaƙwalwar da ta lalace ba ta iya musu, sai a ce ai da bakinta ta faɗa. Wannan zalunci ne a kan mara lafiya, kuma mai yiwuwa mara lafiyar da allurar 'yan kuɗi kaɗan za ta iya dawo da ita cikin hankalinta. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa da sani ke kuɓuce wa mutum a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya kuma yi umarni da tausasa wa iyaye idan tsufa ya cim musu a Suratul Isra'i. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Limamin da ya ware minti biyar a huɗubar Juma'a ya bayyana wa jama'a cewa ruɗewar tsoho ciwo ne, wani ma na rashin abinci, zai iya tsirar da rai da mutuncin wata a garinsa.

Duk gidan da ke da tsoho ko tsohuwar da ta fara ruɗewa a cikin 'yan watannin nan, musamman in tana kukan minjirya a ƙafa, ko tana dafa bango da dare, ko fatar wuyanta da bayan hannunta ta yi baƙi ga gudawa, to kada a jira kaka, kada a jira ɗan da ke Legas ya dawo. A kai ta asibiti a wannan makon, a tafi da ledar magungunan da take sha duka, a gaya wa likita gaskiyar abin da take ci, a kuma roƙe shi ya duba bitamin B12.